WAYAR DUBU 90 TA FI MOTAR MILIYAN 30 TSARO: WA YA KAMATA YA JI KUNYA?

Yau ba darasin saita waya na zo da shi ba. Wata magana ce ta daɗe tana ci na a rai, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba, musamman dillalan mota da wasu abokan sana'armu. A yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a yanke min hukunci.

Kwanakin baya wani dattijo da ya saba kawo min gyara ya shigo shago, ya ajiye wayarsa a kan tebur, sikirin ɗin ya tarwatse. Na ce, "Baba lafiya? Faɗuwa ta yi?" Ya ce, "Ina fa, ɗana. Jefar da ita aka yi."

Ashe ɗaurin aure ya je, ya bar wayar tana caji a mota, ya kulle da rimot ya shiga masallaci. Bai fi minti 20 ba ya fito, babu mota babu alamarta. Makulli yana aljihunsa, ba ɓurɓushin gilashi a ƙasa, ba wanda ya ji kukan ƙararrawa. Da yamma ɗansa ya kira layin, wani mai a-daidaita-sahu ya ɗauka, ya ce a bakin titi ya tsince ta. Na canja sikirin, waya ta dawo aiki da hotunansa da lambobinsa duka. Mota kuwa har yau shiru.

To ku duba wannan lissafi. Ɓarawo ya ɗauke motar miliyoyi hankalinsa kwance, amma wayar dubu 90 ta ba shi tsoro har ya wurgar da ita ta taga. Ya san wayar za ta faɗi inda yake, ya san tana kulle, ya san ko ya goge ta sai ta tambayi asusun mai ita. Motar kuwa da ta tashi, shi kenan ta zama tasa.

Maganata guda ɗaya ce: maganin satar mota yana nan, an san shi, kuma ba shi da tsada. Abin da ya sa ba a damu a sa shi ba, wanda ya ƙera motar ba shi ke asara ba idan an sace. Kai ne za ka yi asara, ko kamfanin inshora. Shi kuwa wata sabuwar zai sayar. Duk inda ka ga sun gyara, ka duba da kyau, za ka tarar doka ce ko kotu ko abin kunya ya tilasta su.

DARASIN DA WAYA TA KOYA MANA

Waya ma da haka take. Waɗanda suka daɗe a harkar nan sun san lokacin da wayar sata filashin kawai take buƙata ta koma sabuwa. A wajajen 2013 fizgen waya ya addabi biranen Niyu Yok da San Faransisko da Landan, har hukumomin biranen suka haɗa kai suka matsa wa kamfanoni lamba. A watan Satumban 2013 Apple ya fito da iOS 7 mai ɗauke da abin da muke kira kullen iCloud. A 2014 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta wajabta irin wannan kulle a kan wayoyin da za a sayar a jihar, ta fara aiki a Yulin 2015, duk da ƙungiyar kamfanonin sadarwar Amurka ta yi adawa da ita tun farko. A 2015 ɗin Google ya kawo kullen FRP a Android 5.1.

Sakamako fa? A farkon 2015 hukumomin biranen nan uku suka ce cikin shekara guda satar iPhone ta ragu da kashi 40 cikin 100 a San Faransisko, kashi 25 a Niyu Yok, a Landan kuma satar waya ta ragu da rabi.

Ba ina cewa an daina satar waya ba ne. Ni da ke zaune a shago na fi kowa sanin ana yi. Ana tsallake FRP a tsofaffin wayoyi, ana wargaza masu tsada a sayar da sikirin da batir. Amma darajar wayar sata ta faɗi warwas, kuma har yanzu kamfanonin ba su tsaya ba: a 2024 Apple da Google duk sun ƙara sabon tsaro na musamman don lokacin da aka fizge waya a hannunka. Yanzu mu leƙa wajen masu mota.

KEBUL ƊIN CAJI YA TAYAR DA MOTA

Akwai wata na'ura da ake kira imobilaiza. Ɗan ƙaramin cip ne a cikin kan makulli. Idan ka murɗa, motar za ta tambayi cip ɗin lambar sirri, in bai amsa daidai ba inji ba zai tashi ba, ko da an yanka makullin ƙarfe iri ɗaya sak. Tsohuwar fasaha ce. Jamus da Birtaniya sun wajabta ta a sababbin motoci tun 1998, Ostireliya a 2001, Kanada a 2007. Wani bincike da masana tattalin arziki biyu na Holan suka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa ta rage satar mota da kusan kashi 40 cikin 100.

Amurka ba ta wajabta ba. Yawancin kamfanoni sun sa duk da haka, amma Hyundai da Kia suka riƙa sayar da miliyoyin motoci masu makullin murɗawa babu ita: Kia daga ƙirar 2011 zuwa 2021, Hyundai daga 2015 zuwa 2021. Cibiyar HLDI mai tattara alƙaluman inshora a Amurka ta ce a motocin ƙirar 2015, kashi 96 cikin 100 na samfuran sauran kamfanoni suna zuwa da imobilaiza, na Hyundai da Kia kuwa kashi 26 kacal.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yara matasa a birnin Milwoki suka gano cewa bakin kebul ɗin USB, irin wanda muke sayarwa a shago, ya isa a murɗa a tayar da motocin nan. A 2021 an saci mota sama da 10,000 a birnin, kusan kashi biyu cikin uku Kia ne ko Hyundai. Bidiyoyi suka bazu a TikTok, abin ya zama gasar yara a faɗin ƙasar. A Fabrairun 2023 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta ce wannan wasa ya jawo aƙalla haɗari 14 da mutuwar mutum 8. A lokacin ne kamfanonin suka fito da gyaran manhaja kyauta ga mota miliyan 8.3, kuma a watan Mayun shekarar suka amince da sulhun da aka ƙiyasta ya kai dala miliyan 200 da masu motocin da suka kai su kotu.

Ga inda hujjar take. Irin motocin nan da aka sayar a Kanada, maƙwabciyar Amurka, suna da imobilaiza, saboda can doka ta ce dole. Kamfani ɗaya, mota iri ɗaya, shekara ɗaya. Inda aka ce dole suka sa, inda ba a ce ba suka bari. Wannan ba rashin ilimi ba ne, lissafin kuɗi ne.

Mu ma abin ya shafe mu, domin kaso mai yawa na motocin tokumbo da ke shigowa Najeriya daga Amurka suke.

MOTAR DANNA-TA-TASHI DA SATAR MURYA

Wani zai ce, "Ai tawa ta zamani ce, ba a zura makulli, maɓalli kawai nake dannawa." Alhaji, taka ce ma ta fi daɗin sata.

Ga yadda take aiki. Motar tana fitar da wata sigina mai rauni da ba ta wuce mita ɗaya ko biyu, kamar tana tambaya, "Makullina kana kusa?" Idan rimot ya ji sai ya amsa, ƙofa ta buɗe, inji ya tashi. Tunanin da aka gina tsarin a kai shi ne: tunda ya ji ni, to yana kusa.

Ka ɗauka kana da mai gadi makaho da aka ce wa, duk lokacin da ka ji muryar maigida ka buɗe. Sai mutum biyu su zo da waya biyu a kan sifika, ɗaya ya kara tasa a kunnen mai gadi, ɗaya ya tsaya jikin tagar ɗakin maigida. Muryar ta maigida ce, ba ƙarya, amma maigida yana kan gadonsa. Haka ɓarayin ke yi: ɗaya a jikin mota da na'ura, ɗaya a jikin katanga ko ƙofar gida inda aka rataye makulli. Ba su fasa wata lambar sirri ba, saƙo kawai suka miƙa. Kuma da ta tashi ba za ta mutu don makulli ya yi nisa ba, domin an tsara ta kar ta mutu a tsakiyar titi. Ƙara kawai za ta yi ta ci gaba da tafiya.

Yaushe aka san da wannan? Tun 2011 masu bincike na jami'ar ETH da ke Zurik a Suwizalan suka gabatar da gwajin da suka yi a kan mota iri 10 na kamfani 8, kuma duk sun buɗu sun tashi. Shekara 8 bayan haka, a 2019, aka fitar da sakamakon gwajin ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC: cikin mota 237 masu wannan tsari, 230 an buɗe su kuma an tayar da su. Shekara 8 fa! A harkar waya, a wannan tsakanin an tashi daga iPhone 4S an kai iPhone 11.

Kuma maganin ba sihiri ba ne. Na farko, a sa wa rimot na'urar jin motsi, irin wadda ke juya sikirin ɗin wayarka idan ka karkata ta, wadda ko waya mafi arha tana da ita. In makulli ya zauna wuri ɗaya sai ya yi barci. Ford ya fara sa wannan a wasu motocinsa na Turai a 2019, makullin yana barci bayan daƙiƙa 40. Na biyu, fasahar UWB, wadda ke auna lokacin da sigina ta ɗauka ta je ta dawo. Tunda sigina tana gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, duk wanda ya tsawaita mata hanya sai lokacin ya tona shi. Motoci 3 da suka tsira gaba ɗaya a gwajin ADAC duk na Jaguar Land Rover ne masu wannan fasaha. Wannan UWB ɗin tana cikin iPhone tun 2019. Wato wayar da ke aljihun direba tana da abin da motar maigidansa ba ta da shi.

TA FITILA AKA SHIGA

Wannan ita ta fi ba ni haushi a matsayina na mai taɓa waya da guduma ƙarama kullum.

Motar zamani cike take da ƙananan kwamfutoci, abin da makanikai ke kira birenbos: na inji, na burki, na ƙofofi, har na fitila. Suna magana da juna ta wasu wayoyi biyu a kan wani tsari mai suna CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar a 1986. An yi shi don ya jure zafi da girgiza, kuma yana jurewa. Sai dai a asalin tsarin, saƙo ba ya ɗauke da shaidar wanda ya aiko shi. Ka ɗauka zauren WhatsApp ne da ba a ganin lamba ko sunan kowa. Duk wanda ya samu shiga zai iya rubuta, "Ni ne makulli, an tantance ni, a buɗe," kowa ya yi biyayya.

A 2022 wani masanin tsaron kwamfutocin mota a Landan, Ian Tabor, ya tarar an ɓamɓare bambar motarsa Toyota RAV4 an zaro wayoyin fitilar gaba, har sau biyu. Ya zaci ɓarnar 'yan iska ce. Kwanaki kaɗan bayan na biyun motar ta ɓace. Shi da wani masani, Ken Tindell, suka bi diddigi, a Afrilun 2023 suka bayyana abin da suka gano: ta wayoyin fitila ake kaiwa ga layin CAN, a jona wata na'ura da ke aika saƙon ƙarya. Na'urar an ɓoye ta a cikin kwankwason sifikar Bluetooth ta JBL, ana tallar ta a intanet a kan dubban yuro, alhali kayan cikinta ba su wuce na dala 10 ba. An kuma ga irinta a cikin kwankwason Nokia 3310. Ɗan sanda ya tare ka, sifika ko tsohuwar waya zai gani.

Saƙon "ina kwana" da kake tura wa abokinka a WhatsApp a rufe yake tun 2016, ba mai iya karantawa a hanya ko ya yi maka sojan gona. Amma saƙon da ke cewa inji ya tashi yana yawo tsirara a bayan fitila. Wace hujja ce za ta wanke wannan?

ƘOFAR MAKANIKI, DA WANDA YA FAƊI GASKIYA

A ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa mai baki 16 da ake kira OBD, wadda Amurka ta wajabta tun 1996. Nan ake jona na'urar gano matsalar mota, kuma ta nan ake yi wa sabon makulli rajista idan naka ya ɓata. A motoci da yawa, wanda ya samu shiga ciki da na'urar da ta dace zai iya yi wa kansa makulli cikin mintuna, ba tare da motar ta nemi yardar mai ita ba. Kai kuwa ko asusun Google za ka buɗe a sabuwar waya sai an turo wa tsohuwar tambaya, "Kai ne?"

Idan masana suka gano rami fa, me ake yi musu? A 2013 masu bincike uku daga jami'o'in Holan da Birtaniya suka gano rauni a cip ɗin imobilaiza mai suna Megamos, wanda kamfanoni da dama ke amfani da shi. Volkswagen ya garzaya kotu a Landan aka hana su wallafawa. Sai a 2015 binciken ya fito, bayan an cire jimla ɗaya. Shekara biyu masu mota ba su san halin da suke ciki ba. A 2016 ɗaya daga cikin masanan da abokan aikinsa suka sake nuna cewa rimot ɗin motocin rukunin Volkswagen kusan miliyan 100, da aka sayar tun daga 1995, sun dogara ne a kan 'yan tsirarun lambobin sirri iri ɗaya. Kamar a ce duk gidajen gari kwaɗo huɗu ko biyar suke rabawa.

UZURIN DA AKE BAYARWA

"Babu makullin da ba ya buɗuwa." Gaskiya ne. Amma ɓarawo da lokaci yake ciniki. Abin da zai ci masa minti ɗaya daban, abin da zai ci masa awa ɗaya daban. A 2018 masu bincike na jami'ar KU Leuven a Beljiyam suka kwafi rimot ɗin Tesla Model S cikin daƙiƙu. A shekarar Tesla ya tura wa motoci sabon tsari ta intanet: sai ka danna lamba 4 a sikirin kafin mota ta motsa. Lamba 4, irin ta ATM. Me ya hana sauran?

"Mota tana shekara 20 a hanya, waya shekara 3." To ai wannan hujja ce a kansu. Abin da zai daɗe shi ya fi cancantar a riƙa sabunta masa tsaro. Google da Samsung yanzu suna alƙawarin shekara 7 na sabunta manyan wayoyinsu. Motarka ta taɓa samun ko ɗaya?

"Laifin na'urorin kutse ne." A Fabrairun 2024 gwamnatin Kanada ta ce za ta haramta wata 'yar na'ura mai suna Flipper Zero saboda satar mota. Masana suka yi ca, suka ce ba da ita ake satar motocin zamani ba, daga baya gwamnatin ta sassauta. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A farkon 2024 ɗin ne kuma wani ɗan sanda a Toronto ya shawarci jama'a su riƙa ajiye makullin mota a bakin ƙofa, don kar ɓarayi masu bindiga su shigo har ciki nemansa. A ƙasar da aka saci mota sama da 105,000 a 2022 kenan.

"Idan aka tsananta tsaro za a koma ƙwace da bindiga." Wannan tsoro ne na gaske, kuma mu nan mun san shi. Amma abin da ya rage fizgen waya ba wahalar fizgewa ba ce, rashin amfanin wayar bayan an fizge ne. Motar da mai ita zai iya kullewa daga nesa, wadda manyan kayanta ba za su yi aiki a wata motar ba sai da yardarsa, ba ta da riba ga mai bindiga ma.

Akwai uzuri ɗaya da ya taɓa ni kai tsaye: kulle irin wannan yana iya zama hanyar kashe masu gyara, a ce komai sai an je wurin kamfani. Mun ɗanɗana a harkar waya, inda za ka sa sikirin mai kyau waya ta riƙa ƙorafi. Don haka abin da nake kira a kai shi ne izini ya kasance a hannun mai mota, ba a hannun kamfani ba. Shi zai buɗe wa makanikin da ya yarda da shi.

ƁARAWON ZAUNE

Yanzu mu dawo gida, don kar a ce na zagi na nesa na bar na kusa. Motocin da ake sacewa a Kanada ina suke zuwa? Da yawa ana loda su a kwantena ta tashar ruwan Montiriyal, kuma 'yan jaridar CBC ta Kanada sun bi sawun wasu har Gana da Najeriya. A Satumban 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada mota 53 da aka sato daga can aka ƙwato a Najeriya.

Kowace ɗaya a cikinsu akwai wanda ya saya ko yake shirin saya. Wani ya sani, wani bai sani ba, wani kuma ya ga arhar ta yi yawa ya kau da kai. Wanda ya saya da guminsa, ranar da aka zo ɗauka ba mota ba kuɗi, ga zaryar ofishin hukuma.

Mu masu gyara ma da namu kason. Mai gyaran wayar da zai cire kulle ba rasit ba kwali ba tambaya, da mai wayarin mota da zai yi wa kowa makulli ba tare da ya ga takardu ba, duk layi ɗaya suke. Akwai kuma wata ɗabi'a: makulli ya ɓata ko ya lalace, maimakon a yi sabo mai cip, sai a ce a manne cip ɗin a jikin wurin makulli, ko a cire imobilaizar gaba ɗaya don sauƙi. Ka cire fasawod ɗin motarka kenan da hannunka, kuma ka biya kuɗin aikin.

KAFIN SU GYARA, GA ABIN DA ZA KA YI

1. Idan taka danna-ta-tashi ce, kar ka rataye makulli kusa da ƙofa ko taga. Sa shi a jakar toshe sigina ko gwangwanin ƙarfe mai murfi. Gwada: je jikin motar da shi a rufe, ka ja hannun ƙofa. In ta buɗe, gwangwanin bai yi ba. Kar ka manta da makulli na biyu.

2. Duba littafin motar ko saitin dashbod. Wasu suna bari a kashe tsarin buɗewa da kusantowa.

3. Duk lokacin da ka kulle da rimot, ja hannun ƙofa ka tabbatar. Akwai na'urar da ke toshe siginar rimot, ka danna ka tafi, mota a buɗe. A kula a masallacin Juma'a, kasuwa da wurin biki.

4. Sayi ƙarfen kulle sitiyari. Tsohon yayi ne, amma mai na'urar kwamfuta ba ya son aikin zarto a bainar jama'a.

5. Sa amintaccen mai wayarin ya ɓoye maka maɓallin da ke yanke famfon mai. Kai da shi kaɗai za ku san wurin.

6. Tiraka: a ɓoye ta nesa da inda kowa ke sawa, in da hali a sa biyu. Layin da ke ciki ya zama da sunanka, kuma ka riƙa sa masa kuɗi. Na sha ganin wanda sai ranar da ya buƙace ta ya gano layin ya mutu tuntuni. AirTag ƙari ce kawai, domin tana dogara da iPhone ɗin mutanen da ke kusa, kuma tana sanar da wayar ɓarawon cewa ana bin sa.

7. Ka sayi mota ta hannu da makulli ɗaya? Sa a goge rajistar sauran makullan. Kuma kar ka bar makulli ya kwana a hannun da ba ka sani ba.

8. Kafin ka biya, duba lambar VIN mai harafi da lamba 17. Ta ƙasan gilashin gaba, ta jikin ƙofar direba da ta takardu su zama ɗaya. In daga Amurka take, shafin VINCheck na NICB yana dubawa kyauta ko an kai rahoton sata. A gida kuma akwai rajistar e-CMR ta 'yan sanda. Dillalin da ya hana ka ɗaukar lambar ya riga ya ba ka amsa.

9. In da bindiga aka zo, miƙa makulli. Ana sake sayen mota.

Duba jerin nan da kyau: gwangwani, ƙarfe, ɓoyayyen maɓalli. Mutum ya zuba miliyoyi, an bar shi yana kare dukiyarsa da gwangwanin madara. Tarayyar Turai ta fara tilasta wa kamfanoni dokar tsaron kwamfutocin mota a kan duk sababbin motoci daga Yulin 2024, kuma wannan ci gaba ne. Amma mu da tokumbo muke hawa, motocin da aka ƙera kafin dokar su ne za su cika titunanmu shekaru masu zuwa. Don haka idan ka je sayen mota, bayan ka tambayi sanyin AC da shan mai, ka tambayi dila: tana da imobilaiza? Makullinta nawa? Ba ni lambar VIN. Ranar da masu saye suka fara juya baya saboda amsar waɗannan tambayoyi, ranar masu sayarwa za su fara damuwa.

Baba dai ya sayi wata, ƙarama, ta hannu. Ranar da ya zo nuna min, ƙarfen sitiyari na kan kujera. Allah Ya mayar masa da alheri, Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya kuma kare mu daga cin haram da sunan sana'a. A tura wa duk ɗan uwan da ke da mota ko yake shirin saye.